Yadda nake kula da injin tsohuwar Peugeot 504 a Zariya

Abu uku ne ke kai injin Peugeot 504 ƙasa a garin nan namu: baƙin mai marar kyau, tafasa, da ƙura. Duk injin da na ga an sauke shi a garejin Sabon Gari ko na Tudun Wada, idan ka bi diddigi za ka tarar ɗaya daga cikin ukun nan ne ya fara cin sa, tun kafin mai motar ya ji wata ƙara. Abin da ke ba ni takaici shi ne kuɗin tare su bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin sauke inji. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda nake bi da tawa, ko wani mai irinta zai amfana.

Tawa salun ce fara, haɗin Kaduna, ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Da ita nake zirga-zirga tsakanin Tudun Wada da Samaru, wani lokaci in leƙa Kaduna ko Kano. A Faransa aka fara fitar da 504 a 1968, kamfanin haɗa Peugeot na Najeriya, PAN, da ke Kakuri a Kaduna kuma ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barin ta. Yawancin waɗanda suka rage a hannunmu injin fetur ne mai silinda huɗu, ko dai ƙaramin mai 1796cc, ko babban mai 1971cc da ake kira XN1, wanda shi ne kuma a cikin 505 da yawa. Gangar jikin injin baƙin ƙarfe ce, kansa kuma, wato tof silinda, alminiyum ne. Riƙe wannan a ranka, domin rabin maganar da zan yi a kan ruwa daga nan ta taso.

Bari in fara da baƙin mai, tunda a nan aka fi jayayya.

Ni 20W-50 nake zubawa, na gargajiya, ba sintetik ba. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu idan inji ya kwana ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne idan inji ya ɗauki zafi. Tsohon inji ya riga ya buɗe, tsakanin karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, da metal, wato faifan ƙarfen da take juyawa a kansu, akwai 'yar tazara da ba ta nan lokacin yana sabo, ringi ma sun saki. Yana buƙatar man da zai tsaya da kaurinsa a cikin zafin watan Afrilu, lokacin da rana ke doshin digiri 40 kana tsaye a cunkoson Kwangila, ya kuma iya gudu da asubar hunturu. 20W-50 yana yin duka biyun. Total Quartz 5000 da Mobil Super XHP duk suna da shi a wannan lamba, akwai kuma na kamfanonin gida irin su Oando da Conoil da Ammasco ta Kano. Ban damu da wanne ka zaɓa ba muddin na gaske ne, kuma ka tsaya a kan guda ɗaya.

Dattawan direbobi da yawa har gobe SAE 40 suke so, suna cewa shi ne mai jiki. Ba laifi a cikin zafi, kuma motoci da dama sun yi shekaru a kansa. Inda yake gazawa shi ne safiyar Disamba da Janairu. Man ya yi nauyi, sai ya ɗauki lokaci kafin ya hau sama ya isa wurin bawul, kuma a 'yan daƙiƙun nan na farko ne inji ya fi cin kansa. In har shi kake iya samu na gaske a kusa da kai, yi amfani da shi, amma ka bar motar ta yi silo, wato inji yana aiki tana tsaye ba ka taka totur ba, na ɗan lokaci kafin ka taka ta. Wanda kuma bai daɗe da yi wa injinsa cikakken aiki ba, sabon fistin da sabon metal, zai iya zuba 15W-40, ya wadatar.

Wanda ba na ba kowa shawara a kai shi ne siririn man nan na motocin zamani, 5W-30 da 0W-20. An yi su ne don injin da aka ƙera a matse. A tsohon inji sai ka ga fitilar mai tana ƙyaftawa idan mota ta yi zafi tana silo, man yana bin ringi yana ƙonewa, yana kuma tsattsafowa ta tsofaffin robobi. Akwai wani dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Injin 504 na irin tsohon tsarin nan ne da kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ke gogar tafet, 'yan ƙarafan da ke kai turinta zuwa bawul, ƙarfe da ƙarfe, babu ƙwallo a tsakani, kuma sinadarin zinc da fosfaros da ake sa wa mai ne ke kare wannan guga. A siraran mayukan fetur na yanzu an rage sinadarin saboda yana lalata matatar hayaƙin sababbin motoci. Ƙa'idar ragewar ba ta hau kan masu kauri irin 20W-50 ba. Idan ka juya bayan galan za ka ga an rubuta API da haruffa biyu. Wanda ya fara da S na fetur ne, wanda ya fara da C na dizal ne. SG ko SJ ko SL duk sun fi ƙarfin abin da aka ƙera injin nan a kai.

Sintetik mai kauri ba guba ba ne, amma a ganina asarar kuɗi ce a motar da ke da kafireto. Ko yaya ka saita ta, ɗan fetur yana zurarewa ta gefen fistin ya gauraya da mai, ga kuma ƙurarmu. Dole ka juye da wuri, to mene ne amfanin biyan kuɗin man da aka yi don ya daɗe?

Babbar matsalar dai jabu ce. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba ka san daga ina ya fito ba. Wani tsohon mai ne aka tace, wani kuma ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadari ko ɗaya ba, an dai ba shi kala. A ido ba ka bambance su, a hannu ma yana da santsi, sai bayan watanni ka tarar ciki ya yi baƙin caɓi ya toshe ragar famfon mai. Har galan mai tambari ana cikawa da irinsa a sake liƙewa. Ni a gidan man kamfanin nake saye ko wurin dilan da na sani, in duba zoben murfin bai tsinke ba, in duba takardar alminiyum ɗin da ke bakin galan a manne take sosai, sannan in tsaya a zuba a gabana. Idan an gama sai in sa wuƙa in farke galan ɗin, domin galan mai kyau da ka bari a gareji shi ne gobe za a cika wa wani. Kada kuma ka yarda a ƙara maka maganin nan mai kauri da ake cewa yana hana shan mai. Yana rufe matsalar na ɗan lokaci, amma abin da ya ci yana nan yana ci.

Juyen kansa ba wuya, ko a ƙofar gida ana yi. Kowane kilomita 5,000 nake yi, in kuwa motar ba ta yi tafiyar da ta kai haka ba, to duk wata shida. A lokacin hunturu nakan matso da shi kusa. Ka tayar da motar ta ɗumama, ka kashe, ka tara roba a ƙasa ka kwance notin, ka bar shi ya tsiyaye har ɗigon ƙarshe, kada yaron gareji ya yi maka gaggawa. Kalli man yayin da yake zuba, ka ɗan shafa tsakanin yatsu a cikin rana. Idan ka ga ƙyalli-ƙyalli na garin ƙarfe, metal ya fara ci. Filta a canza ta duk juye, ba a tsallake ɗaya. Ka shafa sabon mai a robar bakinta, ka ɗaura da hannu kawai, ban da sifana. Sa sabuwar wosha a notin ƙasa. Injin yana ɗaukar kusan lita 4, amma geji, wato sandar auna mai, shi ne alƙali: zuba, tayar, ka ga fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, kashe, jira kaɗan, sake aunawa. Kada ya wuce layin sama. Wanke cikin inji da kananzir ko gas kafin a zuba sabon mai, wannan al'ada ce da ya kamata a bari. Tana kwance dattin da ya zauna lafiya ta tura shi cikin hanyoyin mai. Tsohon man kuma kada a zubar a kwata, masu aikin katako suna nemansa saboda gara.

Kowace Juma'a da safe kafin in tayar da ita nakan zaro gejin nan, kuma abubuwa uku nake nema. Na farko ko ya ragu. Ɗan raguwa a tsohon inji ba abin tashin hankali ba ne, ka cika kawai. Na biyu ko ya ƙaru. Mai ba ya ƙaruwa da kansa, in ka ga ya haura layi kuma ka shinshina ka ji warin fetur, to fatar cikin famfon fetur ce ta tsage, tunda famfon a jikin injin yake, fetur yana zuba kai tsaye cikin mai. A ranar za ka canza famfon ka juye man, domin man da fetur ya tsinka ba ya riƙe metal. Na uku kala. Idan ya koma kalar shayi mai madara, ko ka ga farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai, ruwa ya shiga. Kada ka ƙara tayar da ita.

Wannan ya kawo mu maganar ruwa, kuma a nan ne 504 ta bambanta da motocin Japan da yaran gareji na yanzu suka saba da su. Silindodinta ba a jikin gangar aka fafe su ba. Bututun ƙarfe ne huɗu, silif, da ake zurawa a ciki, ruwa yana zagaye su kai tsaye, tof silinda kuma ta danne su daga sama. Wannan tsari ne ya sa injin ke daɗewa, domin in sun ci sai a zare a sa sababbi, inji ya koma sabo. Amma shi ne kuma ya sa ba ya yafe tafasa. Alminiyum da baƙin ƙarfe ba sa buɗewa daidai idan sun yi zafi. Tafasa ɗaya mai ƙarfi ta isa ta karkatar da tof silinda, gasket ya ƙone, ko liƙin gindin silif ya saki ruwa ya gangara cikin mai.

Don haka allurar zafi dole ta riƙa aiki. Motar da allurarta ta mutu, ni ba na fita da ita ko zuwa PZ. Lagireto a kai wa masu wankin lagireto su buɗe shi su soke hanyoyinsa in ya daɗe ba a taɓa ba, ba a tsaya ga watsa masa ruwa ta sama ba. Murfin lagireto ƙaramin abu ne da ake rainawa, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, mu kuwa a Zariya muna sama da mita 600 daga teku, ruwa a buɗe ba ya ma kai digiri 100 yake tafasa. Murfin da robarsa ta bushe, ko wanda aka cusa wa leda, a jefar da shi. Tiyon ruwa ka matsa su da hannu inji na sanyi, wanda ya yi laushi sosai ko ya kumbura kusa da kilif ya gama. Fanbel ya kasance in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya shiga kamar santimita ɗaya. Ya fi haka zai riƙa zamewa, ya gaza haka zai kashe boris na famfon ruwa. Akwai ɗan rami a ƙasan famfon, da zarar ka ga yana ɗiga ko ya yi tsatsa a wurin, famfon yana ba ka sanarwa ne.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin gishiri a cikin lagireto, zallan ruwa kuma yana cin alminiyum a hankali. Ruwan kulan na kwalba nake zubawa, mai maganin tsatsa, in gauraya da ruwan da aka tace irin na batir yadda aka rubuta a jikin robar. In mota ta tafasa a hanya, ka tsaya, ka buɗe bonet, ka jira ta huce don kanta. Kada ka buɗe murfi tana huci, kada kuma ka sheƙa mata ruwan sanyi.

Sai tamostat, wato abin da ke tare ruwa kada ya je lagireto sai inji ya ɗauki zafi. Kusan duk 504 da ke garin nan an cire mata, wai ƙasarmu zafi gare ta. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Injin da babu tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman a gajeren zuwa irin daga Gyallesu zuwa Kongo da safiyar hunturu. Inji mai sanyi yana shan fetur, fetur ɗin yana wanke man da ke jikin silinda, tururi yana taruwa a cikin baƙin mai. In mota tana zafi da tamostat mai lafiya a ciki, to laifin yana wani wuri, lagireto ne ko famfo ko taimin. Gwada tamostat abu ne mai sauƙi: jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, ka ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe in ya huce.

In ta kai ga buɗe tof silinda, to a nan ka tsaya a kan motarka, kuma ka nemi wanda ya ƙware a Fijo. Akwai wani dattijon bakanike a Sabon Gari da nake kai wa, tun zamanin 404 yake wannan aiki. Na ga ranar da yake cire kan wata motar, ya kwance notuna goma, maimakon ya ɗaga sai ya riƙa jijjiga shi gefe da gefe har gasket ya saki, sannan ya zame shi. Nan take ya ɗauko wasu manyan wosha ya ɗaure su da noti suka danne bakin silif ɗin. Yaronsa ya kai hannu zai juya fuli don ya goge kan fistin, sai ya riƙe masa hannu.

"Kai yaro, tsaya in gama ɗaurewa. Ka juya shi yanzu fistin zai taso da silif, gindin ya saki. Mun rufe ke nan ruwa yana bin mai."

Na ce, "Baba, ashe juyi ɗaya ma ya isa?"

Ya ce, "Rabin juyi ma, Malam. Aikin gasket sai ya koma sauke inji."

Duk bakaniken da ka ga ya cire kan 504 bai danne silif ba, ka dakatar da shi cikin ladabi. Wajen mayarwa kuma a kai tof silindar a duba ko ta karkata, a ɗaure notunan daga tsakiya zuwa waje, da sifana mai awo, ba da bututu da ƙarfin ƙirji ba.

Ƙura maganarta gajera ce amma ɓarnarta babba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da inji ke shaƙa cike take da garin yashi, shi ne ke cinye ringi da silif. Idan matatar iskarka ta takarda ce, ka riƙa kakkaɓe ta duk mako, ka canza in ta toshe. Idan irin mai kwanon mai a ƙasa ce, ka wanke ragar da kananzir ka bar ta ta bushe, ka zuba sabon mai zuwa layi. Duba robar da ta haɗa ta da kafireto, tsaga kaɗan ta isa. Cire matata gaba ɗaya wai don mota ta ƙara gudu, wannan sayar da inji ne.

Ɓangaren wuta kuwa, yawancin abin da ake ɗora wa kafireto laifinsa ne. Kafin kowa ya taɓa maka sukurun kafireto, a fara duba kwantak, wato ɗan makunnin da ke cikin distiributo, na'urar da ke raba wuta ga filogi. Tazarar bakinsa 0.40mm ce, a auna da fila-geji. A sa ɗigon giris a inda yake gogar sandar distiributo, a canza kwandansa tare da shi, a sake saita taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, domin taɓa kwantak yana motsa shi. Filogi tazararsu 0.6mm. A 504 suna can cikin rami mai zurfi a tsakiyar murfin bawul, don haka a hure ramin kafin a kwance kada datti ya faɗa silinda, a kwance inji na sanyi, a kuma fara ɗaurawa da hannu, saboda zaren alminiyum ba ya jure ganganci. Filogi mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne a bushe. Baƙi mai gari fetur ya yi yawa, baƙi mai maiƙo mai ne ke hawa. Tsarin wutar 1-3-4-2 ne, kuma a Fijo silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wajen giyabos. Yaran da suka koyi aiki a Toyota sukan ƙirgo daga gaba su rikita wayoyin.

Bawul ana saita su inji ya kwana: na shiga 0.10mm, na fita 0.25mm. Ɗan ƙas-ƙas ɗin tafet ba cuta ba ne. Wanda ya matse maka su don inji ya yi shiru, bawul ɗin fita zai ƙona maka. Tunda fetur mai dalma ya ƙare a ƙasashenmu tun wajen 2006, nakan sa a duba su sau ɗaya a shekara, in aka ga tazarar na fita tana ta raguwa, mazaunin bawul ne ke nutsewa. Kafireto kuma Solex ce a yawancinsu, ba ta son yawan taɓi. Sa mata ƙaramar matatar fetur ta roba kafin famfo, saboda tsatsar tsohon tanki, ka guji fetur ɗin galan na bakin hanya, kada kuma a buɗa jet, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi a cikin kafireto, da waya.

Yanzu kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, farashin kayan gyara ba ya kwana biyu wuri ɗaya, saboda haka ni da galan nake awo, wato kuɗin galan ɗaya mai lita 4 na 20W-50 na gaske a ranar. Da wannan ma'aunin nake gane ko ana neman cuta ta. Kwantak da kwandansa tare, murfin lagireto, fanbel, filtar mai, tamostat, kowannensu ɗan yanki ne na galan. Filogi huɗu ma ba su cika kai galan ba. Famfon ruwa, famfon fetur, gasket ɗin kai mai kyau, kayan gyaran kafireto, waɗannan suna kewayen galan ɗaya, wani ya ɗan gaza wani ya ɗan haura. Daga nan sai tsalle. Saitin silif da fistin da ringi galan da yawa ne, in ka haɗa da metal, yankan karanshaf, sarƙar taimin, cikakken gasket, gyaran tof silinda da ladan bakanike, kana maganar kuɗin juyen shekaru masu yawa a dunƙule. Ka ga ke nan murfin lagireto da aka ƙi saya shi ne ke jawo wancan lissafin.

Wurin samu kuwa, ƙananan kaya akwai su a shagunan Sabon Gari. Abin da ya gagara sai Panteka a Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Dilolin ma sukan yi maka odar daga Ladipo ta Legas ko Nnewi. Kaya iri uku za a ajiye maka a kan kanta: tsohon ajiya na asali da ya kwana a sito, sabon kwaikwayo, da na gwanjo da aka ciro daga wata motar. Tsarina shi ne, duk abin ƙarfe zalla, kamar distiributo, gangar kafireto, karanshaf ko tof silinda, na gwanjo na asali ya fi sabon kwaikwayo, muddin an auna shi. Tof silinda ka duba ramukan ruwa ba su cinye ba, ka tambaya ko an taɓa yanke fuskarta, ka kuma yi sharaɗin mayarwa in ta fashe. Duk abin roba ko takarda, tiyo, sil, gasket, fanbel, sabo kawai, domin roba tana mutuwa ko a cikin kwali. Abin da kuma ke can cikin ciki, wanda sai an sauke inji ake kai masa, ringi da metal da gasket ɗin kai, a nan araha ba ta ado. Sayi mafi kyawun da aljihunka zai ɗauka, tunda ladan buɗewa ɗaya ne ko na kirki ka sa ko na banza. Kwandansa na kwaikwayo sun yi yawa a kasuwa, don haka in ka cire tsohon da yake aiki ka ajiye shi a cikin mota tare da fanbel da kwantak.

Je kasuwa da tsohon abin a hannunka, ka ɗora shi kusa da sabon. Ka san ko injinka ƙaramin ne ko babban, domin fistin da gasket ɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma motoci da yawa an sauya musu inji a hanya, abin da ke takarda ba shi ne a ƙarƙashin bonet ba. In an ce babu na 504, tambayi na 505 mai kafireto. Ka sayi kayan da kanka ko ku tafi tare da bakanike, a kuma ba ka tsofaffin da aka cire.

Masu Volkswagen Beetle, wadda ita ma aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, maganar mai ɗin nan ta shafe ku fiye da mu. Injinku iska ke sanyaya shi, man yana ɗaukar zafi sosai, lita 2.5 ne kacal, kuma babu filta sai 'yar raga da ake wankewa. Ku juye da wuri, ku riƙa saita bawul a 0.15mm, kada kuma a cire gwangwanayen da ke kewaye da injin.

Saura tambayar yaushe ake sauke inji. Hayaƙi yana faɗa. Baƙi fetur ne ya yi yawa, gyaran kafireto ne ko na cok, abin da ke rage iska don mota ta tashi da sanyi. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi ruwa ne. Shuɗi mai ne: in da safe ne kawai ko bayan dogon silo, yawanci ta wajen bawul yake zuba, aikin tof silinda ne. In kuwa yana binka duk lokacin da ka taka, kuma ka buɗe murfin mai ka ga tana huci da ƙarfi, ringi ne. Kafin ka amince a sauke, a auna matsin kowace silinda da geji, a rubuta maka lambobin huɗu. In sun yi kusa da juna kuma fitilar mai ba ta kamawa a silo, motar tana da sauran tafiya, ka ci gaba da cika mai kana tara kuɗi. Amma ƙara mai nauyi daga ƙasa, ƙwal-ƙwal da ke ƙaruwa da totur, wannan metal ne, a kashe a jawo ta da igiya kafin ya buga ya tafi da karanshaf.

Idan an yi aikin, kada a sa sabon ringi a tsohon silif da ya yi gaɓa a sama, a sa saitin gaba ɗaya. Kilomita 1,000 na farko ka bi ta a hankali, ban da dogon gudu a hanyar Kano, ban da lodi, ban da jan giya ta huɗu a ƙaramin gudu. Da ta cika, ka mayar da ita gareji ta kwana, da safe a sake ɗaure notunan kai, a sake saita bawul, a juye mai a canza filta.